Unguwar da Gidajen Yawa Suka Cinye: Nazarin Lamari Daga Birnin Leeds

Unguwar tun asali

Unguwar tana arewa maso yammacin birnin Leeds na ƙasar Ingila, tafiyar kamar mil biyu daga tsakiyar gari. Ba zan kira sunanta ba, domin abin da ya same ta ya sami takwarorinta a Nottingham, Manchester, Southampton da Birmingham. Tsohuwar unguwa ce. Yawancin gidajenta na jan bulo ne, manne da juna a dogayen layuka, an gina su tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20. Gida yakan kasance da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, da falo da kicin, da ɗakunan kwana a sama, da wani ɗakin a cikin rufi. Don iyali ɗaya aka gina kowanne.

Jami'ar Leeds ba ta da nisa, saboda haka ɗalibai ba baƙi ba ne a wurin. Tun da daɗewa suna kama haya a tsakanin magidanta, amma su ne marasa rinjaye a layi.

Irin gidan da wannan nazari ya shafa shi ne wanda mutanen da ba su haɗa dangi ba suke zaune a ciki, kowa da ɗakinsa, kicin da banɗaki kuma na tarayya. Hukumomin Ingila suna kiransa HMO. Mu a nan gidan yawa za mu ce.

1988 zuwa 2000: gida ɗaya bayan ɗaya

Abubuwa uku ne suka haɗu. Dokar gidaje ta 1988 ta sauƙaƙa wa mai gida ya ba da haya ta ɗan lokaci, ya kuma karɓi gidansa idan wa'adi ya cika. A 1992 aka mayar da kwalejojin fasaha jami'o'i, Leeds ta sami babbar jami'a ta biyu, yawan ɗalibai ya yi ta hauhawa alhali ɗakunan kwanan makarantu ba su ƙaru daidai da su ba. A 1996 kuma bankuna suka fito da rance na musamman ga mai son sayen gida don ya ba da haya.

Lissafin ba shi da wuya. Hayar ɗakuna biyar ko shida, kowanne da kuɗinsa, ta fi abin da magidanci ɗaya zai iya biya. Don haka duk gidan da aka sa a kasuwa, mai neman zuba ɗalibai yakan fi mai neman wurin zama da iyalinsa tayi. Idan ya saya sai ya raba falo ya zama ɗakin kwana, ya gyara na ƙarƙashin ƙasa da na cikin rufi, ya dafe ɗan lambun ƙofar gida da siminti don kada ya sha wahalar kula da shi.

A lokacin duk wannan ba ya buƙatar izinin hukumar tsara birni. Dokar rabe-raben amfani da gine-gine ta 1987 ta sa gidan iyali a rukunin da ake kira C3, kuma rukunin ya haɗa da mutanen da ba su wuce shida ba masu zama tare tamkar gida ɗaya. A 1995 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'a da ta taso daga Sheffield, ta ɗauki wasu ɗalibai da suka kama gida tare a matsayin gida ɗaya. A idon doka ke nan babu abin da ya canza tsakanin ranar da miji da mata da 'ya'yansu suka kwashe kaya da ranar da samari shida suka shigo da nasu.

A layi kuwa komai ya canza. Mafi yawan yarjejeniyoyin hayar ɗalibai a Leeds suna ƙarewa ne a 30 ga Yuni, sababbi su fara 1 ga Yuli. A wannan makon za ka ga katifu jingine da bango, da tukwane, da karyayyun kujeru, da buhunan shara jibge a lungunan bayan gidaje, motocin iyaye sun toshe hanya ana lodi. Daga nan sai unguwa ta yi tsit har Satumba. Allunan dillalai masu cewa "akwai haya" suka cika fuskokin gidaje. Ɓarayi suka gane cewa gida ɗaya yana ɗauke da kayan lantarki na mutum shida, sai ƙofofi da tagogi suka koma da ƙarafan tsaro. Shagunan kayan miya da na yara suka riƙa komawa ofisoshin dillalai, mashaya da wuraren sayar da abincin tafi-da-gidanka.

Ƙidayar 2001 ta nuna ɗalibai sun haura rabin mazauna mazaɓar da unguwar take ciki. A 2002 wani masanin labarin ƙasa, Darren Smith, wanda ya yi bincikensa a wannan yanki, ya raɗa wa al'amarin suna da Turanci, ma'anarsa ɗalibantar da unguwa.

2000 zuwa 2006: yunƙurin farko

A 2000 ƙungiyoyin mazauna yankin suka haɗu a inuwa ɗaya mai suna Leeds HMO Lobby, Dokta Richard Tyler yana jan ragama. Daga baya suka ƙulla zumunci da irinsu a wasu birane, aka kafa ta ƙasa baki ɗaya.

Abin da aka fara gwadawa shi ne sulhu. Majalisar birni ta zaunar da jami'o'i, ƙungiyoyin ɗalibai, masu gidaje da mazauna, aka tsara jerin ayyuka: ƙarin kwashe shara a makon sauyin haya, layin wayar kai ƙorafin hayaniya, da ƙa'idojin sa-kai ga masu gidaje, waɗanda ƙungiyar gidajen ɗalibai ta Unipol take kula da su. An ga sauƙi a shara da hayaniya. Sayen gidaje bai tsaya ba.

Sai majalisa ta shiga gyaran kundin tsarin birni. A daftarin da ta fitar a 2003 ta shata yanki, ta ce a cikinsa za a taƙaita sababbin gidajen ɗalibai da faɗaɗa waɗanda ake da su. Aka buɗe ƙofar jin ra'ayin jama'a. Mazauna suka goyi baya. Masu gidaje da ɓangaren ɗalibai suka yi suka. Al'amarin ya kai gaban sufeto mai zaman kansa wanda gwamnati take naɗawa ya saurari kowane ɓangare, kuma a rahotonsa na 2005 ya ƙi amincewa da tsarin. Hujjarsa ita ce bai dace a ware wani rukunin mutane a ce an hana su zama a wuri saboda su ɗalibai ne ba. Kundin da aka zartar a 2006 ya maye gurbin hanin da manufa mai laushi ta ƙarfafa cakuɗar nau'o'in gidaje.

Ko da sufeton ya amince, da akwai gibin da tsarin ba zai toshe ba. Manufar tsara birni tana aiki ne lokacin da mutum ya zo neman izini. Mai mayar da gidan iyali gidan mutum shida ba ya zuwa neman komai.

A waɗannan shekarun ne makarantu suka fara rufewa saboda ƙarancin yara. Wata firamare a unguwar da ke maƙwabtaka ta rufe a 2004, ta unguwar da muke magana a kai ta bi sahu a 2006.

2006: lasisi da alluna

Dokar gidaje ta 2004 ta fara aiki a Afrilun 2006. Ta wajabta lasisi ga gidan yawa mai hawa uku ko fiye da ke ɗauke da mutum biyar ko fiye. Lasisin yana duba ƙofofin da ke tare wuta, na'urar jin hayaƙi, yawan banɗakuna, da ko mai gidan mutum ne da za a amince masa. Ya amfani 'yan haya ƙwarai. Amma ba ya tambayar gidajen yawa nawa ne a layin, kuma duk gidan da ya cika sharuɗɗa ana ba shi. A wannan lokacin ne kuma majalisa ta sami ikon taƙaita allunan dillalai, layuka suka ɗan yi kyan gani.

2008 zuwa 2010: nasarar wata shida

Mazauna suka gane cewa mabuɗin yana Landan. A 2008 ma'aikatar da ke kula da ƙananan hukumomi ta fitar da rahoton bincike kan matsalar, sannan daga Mayu zuwa Agustan 2009 ta nemi ra'ayin jama'ar Ingila kan zaɓi uku. Na farko, a bar doka yadda take, a yaɗa kyawawan dabarun sulhu. Na biyu, a gyara dokar 1987 ta yadda gidan yawa zai zama rukuni mai zaman kansa, mai son mayar da gida haka sai ya nemi izini. Na uku, a ware rukunin amma a bar mutane su yi sauyin ba tare da izini ba, sai dai inda ƙaramar hukuma ta janye wannan 'yancin da kanta.

An sami amsoshi kimanin 900. Mafi rinjaye sun nemi a gyara doka. 'Yan ƙalilan ne suka zaɓi na uku. A Janairun 2010 ministan gidaje John Healey ya sanar da hukunci, kuma daga 6 ga Afrilu 2010 aka sami sabon rukuni, C4: gidan da mutum uku zuwa shida waɗanda ba dangin juna ba suke zaune. Sauya gida daga C3 zuwa C4 ya zama sai da izini a duk faɗin Ingila.

A watan Mayu aka yi zaɓe, gwamnati ta sauya. Sabon minista, Grant Shapps, ya ce bai kamata a ɗora wa ƙasa duka nauyin cike takardu saboda matsalar da ta taƙaita ga wasu unguwanni ba. Aka yi wata gajeriyar tuntuɓa da zaɓaɓɓun ƙungiyoyi, kuma daga 1 ga Oktoba 2010 sauyin ya koma halal ba tare da izini ba. Zaɓi na uku ke nan, wanda kusan kowa ya ƙi shekara guda kafin nan. Majalisun Milton Keynes, Oxford da Newcastle suka kai ƙara, suna cewa ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba. Suka faɗi a Babbar Kotu, Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta tabbatar da hukuncin a 2011. Alƙalan sun ga cewa tun da an riga an tambayi jama'a kan wannan zaɓin a 2009, ba dole ba ne a sake babbar tuntuɓa.

2011 zuwa 2012: Umarnin Sashe na 4

Hanya ɗaya ta rage. Dokar tsara birane ta ba ƙaramar hukuma damar fitar da abin da ake kira Umarnin Sashe na 4, wanda yake janye 'yancin yin wani sauyi ba da izini ba a yankin da aka shata. Sai an buga sanarwa a jarida, an liƙa takardu a yankin, an ba jama'a aƙalla kwana 21 su faɗi ra'ayinsu, sannan majalisa ta tabbatar da shi.

Akwai tarko a ciki. Idan majalisa ta aiwatar da umarnin ba tare da sanarwar wata 12 ba, mai gidan da aka hana izini yana iya neman diyya. Babu majalisar da take son wannan bashin. Leeds ta fitar da nata a Fabrairun 2011, ta shata yanki mai faɗi da ya wuce unguwar da nisa don kada matsalar ta tsallaka layi kawai, ta jira shekara. Ya fara aiki a 10 ga Fabrairu 2012. Tsakanin Oktoban 2010 da wannan rana, wata 16 ke nan ƙofa tana buɗe, kuma kowa ya san ranar da za a rufe ta.

Muhawarar da aka yi a lokacin jin ra'ayin ta cancanci a tsaya a kanta, domin kowane ɓangare yana da abin faɗa na gaskiya. Mazauna suna cewa ba ɗalibai suke ƙi ba, daidaito suke nema. Ƙungiyarsu ta ƙasa ta daɗe tana cewa unguwa takan fara karkata idan gidajen yawa suka kai kashi 10 cikin 100 na gidaje, wato kamar kashi 20 na mutane. Masu gidaje suna cewa taƙaitawa za ta rage ɗakuna ta tsadar da haya, kuma doka za ta koma leƙen dangantakar mutane: uwa da uba da 'ya'ya huɗu ba sa buƙatar izini, ma'aikatan jinya uku da suka haɗa kuɗi suka kama gida kuwa sai da shi. Ƙungiyoyin ɗalibai suna cewa ana maganarsu kamar wata annoba, alhali su ma mazauna ne.

Akwai waɗanda tsarin tuntuɓar bai cika kaiwa gare su ba. Ba ɗalibai kaɗai ke zama a gidan yawa ba. Akwai leburan ɗakin ajiyar kaya, da mai aikin kula da tsofaffi, da baƙon da ya sauka ƙasar jiya, ciki har da 'yan Najeriya masu karatun digiri na biyu waɗanda ɗaki guda kawai aljihunsu zai ɗauka. A Janairun 2012, wata guda kafin umarnin Leeds ya fara aiki, gwamnati ta ɗaga shekarun waɗanda tallafin hayarsu ya taƙaita ga kuɗin ɗaki guda a gidan tarayya daga ƙasa da 25 zuwa ƙasa da 35. Ma'aikata ɗaya tana tura matasa marasa ƙarfi gidajen yawa, hukuma ta biyu tana taƙaita gidajen.

2012 zuwa 2021: abin da ya biyo baya

Umarnin bai hana gidan yawa ba, izini kawai ya wajabta. Abin da za a auna buƙata da shi ya zo a babban kundin tsarin birni na Nuwamban 2014, a manufar da aka laƙaba wa H6. Ta ce a tabbatar birni yana da isassun gidajen yawa, a kauce wa cunkushe su wuri ɗaya, kuma kada a ƙara rasa gidajen da suka dace da iyali a inda aka riga aka cika. Wasu biranen sun zaɓi adadi ƙarara. Southampton ta sa kashi 10 cikin 100 a kewayen mita 40, Birmingham ta sa kashi 10 a kewayen mita 100, ta kuma hana a sa gidan iyali a tsakiyar gidajen yawa biyu.

A layukan gefe, inda magidanta suke da rinjaye, sauyin ya ragu sosai. Yanzu maƙwabci yana ganin takardar sanarwa ɗaure a jikin turken fitilar titi, yana da makonni uku ya rubuta abin da ya gani.

A tsakiyar unguwar lamarin ya bambanta. Umarnin ba ya waiwaye, duk gidan da ya riga ya zama C4 ya zauna haka. Sai matsayin ya zama kadara. Mai gida yana da 'yancin ba iyali haya ba tare da izini ba, amma idan ya yi hakan gidan ya koma C3, kuma ba lalle a sake ba shi izinin komawa ba. Da yawa suka gwammace ɗaki ya kwana babu kowa da su yi wannan kasada. Tsohuwar da ta rage ita kaɗai a layin da ɗalibai suka cika ta sami kanta a tsaka mai wuya: iyalai ba sa son layin, masu zuba jari kuma ba za su saya da tsada ba tun da izini ba tabbas. Dokar da aka yi don kare ta ta rage darajar gidanta. Majalisa ta gane haka. Kundin 2014 ya ba da damar sassauci a layukan da gidajen yawa suka riga suka mamaye, ya kuma kawo izini mai fuska biyu, wanda zai bar mai gida ya gwada ba iyali haya ya kuma iya komawa cikin wa'adin da yakan kai shekara 10.

Babban sauyin ya zo ne daga tsakiyar gari. Kamfanoni suka shiga gina dogayen benayen ɗalibai kusa da jami'o'i. Sky Plaza ya buɗe a 2009, Altus House mai tsayin mita 114 ya kammala a 2021, da wasu da dama a tsakaninsu. Ɗakunan suna da tsada, amma akwai banɗaki a ciki, da intanet, da mai gadi. Masu hali, musamman baƙi daga ƙasashen waje, suka koma can. Sauran suka matso layukan da suka fi kusa da makaranta. Buƙata ta ragu a nesa, wasu gidajen suka koma hannun matasa ma'aikata, kaɗan suka koma hannun iyalai.

Mazauna ma ba su tsaya ga takarda ba. Ƙungiyar raya unguwa da suka kafa a 2005 ta karɓi ginin firamaren da aka rufe, ta tara kuɗi daga jama'a, ta buɗe shi a 2011 a matsayin cibiyar taro da sana'o'i. Ta kuma shiga samar da 'yan gidaje don ba masu dogon zama haya. Firamaren maƙwabta kuwa an rushe ta a 2014. A 1 ga Oktoba 2018 aka faɗaɗa lasisi zuwa duk gidan yawa mai mutum biyar ko fiye ko da hawa nawa ne, aka kuma ƙayyade cewa ɗakin babban mutum ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 6.51.

Hukunci

Sulhu ya rage shara da hayaniya, lasisi ya kare rayukan 'yan haya, amma babu ɗayansu da ya taɓa adadin gidaje, domin ba don haka aka yi su ba. Tsarin 2003 ya faɗi saboda ya nufi mutane maimakon gine-gine, kuma a ganina sufeton ya yi daidai. Rukunin C4 ya tsaya da ƙafarsa ne saboda bai tambayi ko kai ɗalibi ne ba, yadda ake amfani da gidan ya duba.

Umarnin Sashe na 4 ya yi aiki a inda aka riga matsala isa. A tsakiyar unguwar ihu ne bayan hari. Daga 2000 da mazauna suka fara kuka zuwa 2012 shekara 12 ne, kuma makarantun sun rufe a tsakani. Watanni 16 na buɗaɗɗiyar ƙofa asara ce da za a iya kauce wa, kuma alhakinta yana kan gwamnatin da ta soke wajabcin izinin Afrilun 2010 ba tare da ba biranen da abin ya dama hanyar riƙe shi nan take babu barazanar diyya ba.

Jin ra'ayin jama'ar kansa shi ne ya fi tsaya mini a rai. Mazaunan sun yi abin yabo. Sun koyi harshen doka, sun gano jimla ɗaya a dokar 1987 da ta buɗe ƙofar, sun bi ta har Landan. Amma abin da aka yi da amsoshinsu 900 ya nuna iyakar tuntuɓa: tana wajabta wa hukuma ta saurara, ba ta wajabta mata ta bi. Kuma masu amsawa kusan kullum su ne masu gida da masu dogon zama, mutanen da suka san lokacin taro kuma za su kasance a nan baɗi. Tuntuɓar 2009 ta faɗo ne a lokacin jarrabawa da dogon hutu. Ɗalibi dai yana da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsa. Mai aikin dare da ke kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba shi da ita, kuma shi ne zai fi jin jiki idan ɗakuna suka yi ƙaranci.

Abin da ya sassauta unguwar a zahiri shi ne samun wani wurin da ɗalibai za su kwana. Da an taƙaita gidajen yawa ba tare da benayen tsakiyar gari ba, da haya ta tashi, da cunkoson ya koma wata unguwar da ba ta da ƙungiya. Benayen kuma sun ɗauke masu iya biya ne kawai. Ga ma'aikacin da bai kai 35 ba, wanda tallafinsa bai wuce kuɗin ɗaki guda ba, ba a gina irinsu ba, har yanzu tsofaffin gidajen jan bulon nan ne makwancinsa.